Jakar Yashi, Kwandala da Kwalba: Ƙananan Kayan da ke Riƙe da Finafinan Kasada

Kusan kowane fim na kasada yana da wani babban abu da ake nema, ko dai taskar zinariya da aka binne a kogo, ko gunkin wata tsohuwar daula, ko birnin da daji ya haɗiye, ko kuma hanyar komawa gida ga wanda ƙaddara ta jefa nesa. Wannan babban abu shi ake sakawa a hoton talla, kuma dominsa jaruman ke haye duwatsu suna ƙetare koguna. Sai dai na daɗe da lura cewa idan aka yi shekaru da kallon fim ɗin, aka zauna ana hirarsa, da wuya a sami wanda zai iya kwatanta siffar taskar daki-daki, alhali kuwa kowa yana tuna malafar jarumin, ko kwandalar da yake jefawa sama, ko ƙwallon da yake yi wa magana. Ra'ayina shi ne dukiyar da ake nema aikinta kawai ta tayar da tafiya, amma ƙaramin abin da matafiyin ya riƙe a hannunsa shi ke gaya mana ko wane ne shi, kuma masu shirya fim da suka san sana'arsu a nan suke ajiye nauyin labarinsu.

Misalin da ya fi saurin fito da wannan shi ne farkon Raiders of the Lost Ark, wanda Steven Spielberg ya ba da umarni aka fitar a 1981. Indiana Jones, wato Harrison Ford, ya shiga wani tsohon wurin bauta a dajin Kudancin Amurka a shekarar 1936, ya tsallake tarkuna har ya isa gaban wani gunki na zinariya da ke kan dutse. Ya san cewa da zarar nauyin gunkin ya bar wurin, wani tarko zai tashi, saboda haka ya zo da wata jaka da ya cika da yashi tun daga waje. Kyamara ta tsaya a kansa yana duban gunkin, yana shafa haɓa, yana auna jakar a tafin hannu, sannan ya ɗebi yashi kaɗan ya zubar kafin ya musanya. A cikin wannan ɗan lokaci, ba tare da an furta kalma ba, mun fahimci cewa mutumin masani ne mai lissafi, mai ƙarfin hali, kuma mai yarda da kansa fiye da kima, domin lissafin bai yi daidai ba, ginin ya fara rushewa. Gunkin da ya sha wahala a kansa ma bai kwana a hannunsa ba, abokin hamayyarsa Belloq ya karɓe shi a bakin kogon. Babban akwatin da fim ɗin ya ɗauki sunansa ma, wato Akwatin Alkawari na Bani Isra'ila, a ƙarshe cikin wani akwatin katako aka rufe shi, aka tura shi tsakiyar dubban irinsa a wani makeken ɗakin ajiya na gwamnati. Jakar yashin ce ta gabatar mana da mutumin da za mu bi har tsawon finafinai biyar.

A fim na uku, The Last Crusade na 1989, marubutan sun ɗauki wannan dabara suka mai da ita ainihin saƙon labarin. Abin nema shi ne ƙoƙon da almarar Turawa ta zamanin da ta danganta da Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, kuma idan aka isa ɗakin da yake, sai a tarar da kofuna birjik, na zinariya da na azurfa, masu ado da duwatsu masu daraja. Mugun labarin ya sha ruwa da wanda ya fi kowanne ƙyalli, nan take ya tsufa ya zama ƙura. Jarumin ya tsallake su duka ya ɗauki wani ɗan ƙoƙo marar ado da ke ɓoye a baya, irin wanda talaka mai sana'ar hannu zai sha ruwa da shi. Amma ni a wurina ko wannan ƙoƙon ba shi ne zuciyar fim ɗin ba. Zuciyarsa ita ce littafin da mahaifin jarumin, wanda Sean Connery ya fito a matsayinsa, ya shafe rayuwarsa yana rubuta bincikensa a ciki, wani ɗan littafi da ya kumbura da takardu da zane-zane, an ɗaure shi don kada ya warwatse. Wannan littafi shi ne ya cinye lokacin da ya kamata uba ya ba ɗansa, shi ne kishiyar yaron tun yana ƙarami, kuma shi ne daga baya ya zama abin da ɗan ya dogara da shi ya tsallake jarrabawa uku domin ceton ran uban. Haka nan laimar da dattijon ke yawo da ita a maƙale da jakarsa, wadda da farko take nuna shi a matsayin malamin da bai dace da filin daga ba, ita ce ya buɗe a bakin teku ya kori tsuntsaye suka tashi suka afka wa jirgin yaƙin Jamus da ke farautarsu. Kallon da ɗan ya bi uban da shi bayan wannan ya fi duk wata doguwar magana ta sulhu da za a iya rubuta musu.

Ya kamata a san cewa irin waɗannan kaya ba tsintarsu ake yi a saka wa ɗan wasa ba. Malafar Indiana Jones daga shagon Herbert Johnson da ke Landan aka samo ta, kuma mai tsara tufafin fim ɗin, Deborah Nadoolman, sai da ta murɗe ta, ta zauna a kanta, ta dagula ta, domin ta yi kama da abin da ya sha rana da gumi shekara da shekaru. Jakar da yake ratayawa kuwa asalinta jakar sojan Birtaniya ce ta ajiye abin rufe fuska daga iska mai guba. Sabon abu ba ya ɗauke da tarihi, saboda haka dole a ƙirƙira masa tsufa kafin mai kallo ya yarda cewa wani ya rayu da shi. Kamar ƙwaryar da tsohuwa ta ɗinke sau da yawa ce, wadda ba za ta musanya da sabuwa ba, domin kowane ɗinki yana da ranar da aka yi shi da dalilinsa.

Mu da muka tashi da finafinan Indiya, waɗanda gidajen silima na Kano da Kaduna da Jos suka yi ta nunawa tun kafin zuwan bidiyo, muna da misalin da a ganina ya fi na Amurka zurfi, wato kwandalar Jai a cikin Sholay. Ramesh Sippy ne ya ba da umarnin fim ɗin, Salim Khan da Javed Akhtar suka rubuta shi, aka fitar da shi ranar 15 ga Agusta, 1975, kuma ya yi fiye da shekara biyar ana nuna shi a silimar Minerva da ke Bombay. Jai da Veeru, wato Amitabh Bachchan da Dharmendra, ɓarayi ne ƙanana da tsohon ɗan sanda Thakur ya ɗauko haya su kamo masa ɗan fashi Gabbar Singh da ransa. Duk lokacin da abokan biyu suka kasa yanke shawara, Jai yakan fito da kwandala ya jefa sama, kuma abin da ta nuna shi suke bi. Da ita aka yanke cewa za su kai Thakur asibiti lokacin da aka harbe shi yana ɗan sanda, maimakon su tsere, ko da yake sun san hakan yana nufin komawa hannun hukuma. Da ita aka yanke wanda zai tsaya a bakin gada ya tare 'yan fashi shi kaɗai, ɗayan kuma ya tafi ya kuɓutar da Basanti, budurwar Veeru, ya kawo harsashi. Jai ne ya tsaya, kuma a nan ya rasa ransa. Sai bayan mutuwarsa Veeru ya juya kwandalar ya ga cewa fuskokinta biyu iri ɗaya ne.

Abin da wannan ɗan ƙarfe ya yi wa labarin yana da girma ƙwarai, domin ya tilasta wa mai kallo ya koma baya ya sake karanta duk abin da ya gani. Mun yi awa uku muna ɗaukar Jai a matsayin mutum mai sanyin rai, mai gatse, wanda bai damu da komai ba har ya bar wa sa'a ragamar rayuwarsa. Ashe babu sa'a a cikin lamarin ko kaɗan. Duk wani alheri da suka yi shi ya zaɓe shi da gangan, ya kuma ɓoye zaɓin a bayan kwandala domin kada abokinsa ya yi masa gardama, kada kuma a gode masa. Akwai irin mutanen nan da kunya ko kawaici ke hana su nuna kirkinsu a fili, sai sun nemo wata hujja sun laɓe a bayanta, kuma ban san wani fim da ya kama wannan hali da abu ƙarami kamar yadda Sholay ya yi ba. Da marubutan sun sa Jai ya tsaya ya yi jawabi a kan abota da sadaukarwa, da an ji an manta. Fim ɗin yana da wasu kayan da suke irin wannan aiki a hankali: mayafin da Thakur ke lulluɓa da shi kullum, wanda sai da iska ta yaye shi aka gane cewa an yanke masa hannuwa biyu, da kuma ɗan abin busar da Jai ke hurawa da dare yayin da Radha, surukar Thakur wadda mijinta ya rasu, ke bi tana rage fitilun gidan ɗaya bayan ɗaya. Tsakanin abin busan nan da fitilun nan aka gina soyayyar da al'adar garin ba ta ba ta bakin magana ba.

Idan aka cire wa jarumi mutane gaba ɗaya, sai kaya su zama su ne abokan wasansa, kuma wannan shi ne abin da Robert Zemeckis ya gwada a Cast Away na shekarar 2000. Tom Hanks ya fito a matsayin Chuck Noland, ma'aikacin kamfanin aika saƙo na FedEx wanda rayuwarsa duka tsere ce da agogo, har jirginsu ya faɗa tekun Fasifik ya tsinci kansa shi kaɗai a wani tsibiri. An ɗauki wannan ɓangare a tsibirin Monuriki na ƙasar Fiji, kuma an dakatar da aikin kusan shekara guda domin ɗan wasan ya rame, gashinsa da gemunsa su tsawo. Ruwa ya turo wasu ƙunshin saƙonni bakin gaɓa, da ya buɗe su sai ya tarar da abubuwan da a ido ba su da wani amfani ga mai jin yunwa da ƙishirwa: kaset-kaset na bidiyo, rigar mata ta biki, takalman zamiya a kan ƙanƙara, da ƙwallon raga. Sannu a hankali kowanne ya bar aikin da aka ƙera shi dominsa ya koma wani abu. Ƙarfen takalmin ya zama gatari da wuƙa, har da shi ya fitar da haƙorin da ke masa ciwo. Ragar jikin rigar ta zama komar kamun kifi, zaren kaset kuma ya shiga cikin igiyar ɗaure katakon da ya tsere a kai. Mai kallo yana ganin yadda darajar kaya take sauyawa idan kasuwa ta ɓace, buƙata kawai ta rage.

Ƙwallon ita ce ta bambanta, domin ba ta ciyar da shi ba, ba ta kuma kare shi daga ruwan sama ba. Ya ji ciwo a hannu yana ƙoƙarin haɗa wuta, ya ɗauki ƙwallon cikin fushi ya yi jifa da ita, sai shatin tafinsa na jini ya zauna a jikinta, daga baya ya zana wa shatin ido da baki ya riƙa kiranta da sunan kamfanin da ya yi ta, Wilson. Marubucin labarin, William Broyles Jr., ya je ya zauna shi kaɗai a wata gaɓar teku a Mexico domin ya ɗanɗani abin da yake rubutawa, a can ya tsinci ƙwallo ya sami kansa yana yi mata magana. Ta fuskar sana'a, ƙwallon ta warware wata matsala, tunda ta ba jarumin wanda zai faɗa wa tunaninsa ba tare da an saka muryar mai ba da labari ba. Amma abin ya wuce dabara. Fuskar da jininsa aka yi ta, saboda haka duk gardamar da yake yi da ita da kansa yake yi, kuma ita ce shaidar cewa ɗan Adam yana buƙatar wanda zai saurare shi kamar yadda yake buƙatar ruwa. Lokacin da ta suɓuce daga kan katakon a tsakiyar teku, ya bi ta da iyo har igiyar da ke riƙe da shi ta ƙare, dole ya zaɓi tsakanin ransa da abokin shekara huɗu. Kukan da ya yi yana neman gafararta ya sa mutane da yawa hawaye, kuma ban ga abin mamaki a ciki ba, domin fim ɗin ya ba mu lokaci mai tsawo mun zauna da ita kafin ya raba mu da ita.

A nan ne nake ganin ƙa'idar take. Ƙaramin abu ba ya samun ma'ana don kyamara ta matso kusa da shi ko don an saka kiɗa mai taushi a bayansa. Sai an gan shi yana aiki, an gan shi a hannu sau da yawa har ido ya saba, sannan a zo ranar da za a rasa shi ko a gano wani abu game da shi. A Lawrence of Arabia na David Lean, wanda ya fito a 1962, an fara nuna jarumin yana kashe ashana da yatsunsa don ya nuna cewa zafi bai dame shi ba, shi ya sa lokacin da ya hure wata ashanar aka yanke kai tsaye zuwa fitowar rana a hamada, muka gane cewa wata wuta ce mafi girma yake shirin saka hannunsa a ciki. A 127 Hours na Danny Boyle kuma, wanda aka gina a kan abin da ya sami Aron Ralston a wani kwazazzabo na jihar Utah a 2003, tun a farkon fim an nuna hannunsa yana lalube a saman kabad ya kasa taɓa wuƙarsa mai kyau, ya fita da wata mai araha marar kaifi. Wannan gaggawa ta minti ɗaya ita ce hoton halinsa na mutumin da bai gaya wa kowa inda za shi ba.

Akwai fim ɗin da ya ɗora labarinsa duka a kan abu guda, wanda kusan duk gidan da ya taɓa mallakar bidiyo a ƙasar nan ya kalla, wato The Gods Must Be Crazy na Jamie Uys, ɗan Afirka ta Kudu, da ya fito a 1980. Wani matuƙin ƙaramin jirgi ya sha Coca-Cola ya jefo kwalbar ta taga, ta faɗo a hamadar Kalahari kusa da wasu iyalai na al'ummar San. Sun same ta da amfani iri-iri, suna daka da ita, suna jeme fata, suna busa ta kamar sarewa, suna buga ado da bakinta. Matsalar ita ce guda ɗaya ce tak, kuma a karon farko aka sami abin da ba ya rabuwa, sai kishi da faɗa suka shigo tsakanin mutanen da aka nuna ba su san su ba. Xi, wanda N!xau ɗan ƙasar Namibiya ya fito a matsayinsa, ya ɗauki kwalbar ya kama hanyar ƙarshen duniya domin ya mayar wa waɗanda suka aiko ta. Ta fuskar gini wannan tunani ne mai ƙarfi, domin ya juya tsarin finafinan kasada baki ɗaya: maimakon Bature ya shiga daji ya ɗauko taskar mutane, ga mutumin daji ya fito yana neman inda zai zubar da sharar Bature. An ɗauki fitowar da ya jefa ta a wani tsauni mai suna God's Window a gabashin Afirka ta Kudu, inda gajimare ke kwance a ƙasan mai kallo.

Duk da haka wannan fim yana damuna, kuma damuwar daga kwalbar take. Kafin kwalba ta iya ɗaukar wannan ma'ana, sai da aka nuna al'ummar San a matsayin mutanen da ba su taɓa ganin gilashi ba, ba su san mallaka ba, ba su san duniya tana da wasu mazauna ba. Wannan ba gaskiya ba ne a lokacin da aka ɗauki fim ɗin. An riga an raba yawancinsu da filayen farautarsu, da yawa suna zaune a matsugunan gwamnati kamar Tsumkwe a arewa maso gabashin Namibiya, suna fama da talauci da cuta, kuma sojojin gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu, wadda ke mulkin ƙasar a lokacin, suna ɗibar samarinsu aikin soja a yaƙin da take yi da masu neman 'yanci. Fim ɗin ya ɗora laifin rushewar zaman lafiyarsu a kan wani abu da ya faɗo daga sama bisa tsautsayi, wanda babu mai laifi a zuwansa, alhali abin da ya same su mutane ne suka tsara shi da dokoki da bindigogi. N!xau kansa kuɗi ƙalilan aka biya shi a fim na farko, duk da miliyoyin dalolin da ya tara a faɗin duniya, sai a na biyu ya iya neman haƙƙinsa da ɗan ƙarfi, kuma ya koma noma da kiwo a yankinsu har rasuwarsa a 2003. Mun yi dariya da kwalbar tun muna yara, kuma har yanzu ina ganin gwanintar da aka yi wajen sarrafa ta, amma irin ƙarfin da ya sa kwandalar Jai ta tona gaskiyar mutum guda, shi aka yi amfani da shi a nan aka lulluɓe halin da al'umma guda take ciki, kuma yawancin waɗanda suka kalli fim ɗin a Kano ko Zinder ko Kumasi ba su taɓa jin sunan Tsumkwe ba.